Bazazzagi Ya Sayi Zarto

Kai Bazazzagi, ajiye wayar nan ka saurara, ubangidanka ne na Kano yake magana. Labari ya iso mana cewa tun da ka ajiye alli ka karɓi takardar ritaya ka zama kafinta. Ba irin kafintan da ya yi zaman shago ya sha ranƙwashi ba, a'a, kafintan data. Shekara talatin da biyar kana tsaye gaban allo kana koya wa 'ya'yan mutane abin da ba ka taɓa yi da hannunka ba, yanzu Allah Ya haɗa ka da Turawan YouTube suna rama wa yaran nan. Alhaki ne, Malam, ba sha'awa ba.

Dattawan kirki in sun yi ritaya carbi suke saya da rediyo, su nemi gindin darbejiya. Wanda ya ji da sauran ƙarfi ya zuba kaji ko ya koma gona. Kai kuwa sai ka fatattaki motar Hajiya daga gareji, baiwar Allah tana kwana a waje raɓa na dukanta. Motar nake nufi, ba Hajiya ba, ko da yake yadda kake tafiyar nan ita ma gara ta fara shiri. Ka cika wurin da kaya: zarto uku, filen biyu, cizal jere a bango daga babba zuwa ƙarami, da wata rigar fata mai aljihu ta ko'ina wadda in ka ɗaura sai ka tsaya gaban madubi. A duk wannan tarkace abu ɗaya na tabbatar ka ƙware a kai, saƙala fensir a bayan kunne. Nan kam ko kafintocin Gandun Albasa sai su sara maka.

Kada ka ce sharri nake maka, shaida tana nan a falona. Teburin da ka aiko mini a motar haya, an naɗe shi da tsohon bargo, har da wasiƙa wai aikin hannunka ne na farko in riƙe shi amana. Na riƙe. Dole ma a riƙe shi, don in aka saki faɗuwa yake yi. Ƙafa huɗu gare shi, uku suna ƙasa, ta huɗun tana sama tana jiran umarni. Da na yi maka waya ka ce daɓen Kanawa ne ba daidai ba. To, na gwada shi a tayil, na gwada a siminti, na fitar da shi tsakar gida, ko'ina rawa yake. Kuma duk abin da aka ɗora masa kudu yake gangarawa, wajen Zariya. Ko kofin shayi aka ajiye sai ya kama hanya, so yake ya je gida ya kai ƙararka.

Wannan duk da damina ne. Da hunturu ya shigo sai muka ji ƙara cikin dare, tas! Yara suka ce ɓarawo. Da safe muka tarar saman teburin ya tsage daga wannan baki har wancan, tsagar da biro ke faɗawa ciki. Bari Bakano ya koya wa malami dalili. Katakon da ake sayar mana a Arewa daga kurmi yake zuwa, afara ne, obeche ne, iroko ne, an sare an tsaga an loda a tirela da ruwansa a jiki. Itace kuwa ko ya mutu bai daina shan ruwa da fitar da shi ba: da damina ya kumbura, da hunturu ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, ba ta tsawo ba. Baturen da kake kallo, nasa an riga an busar da shi a ɗakin zafi kafin ya saya. Kai ka ɗauko ɗanye daga 'Yan Katako, washegari ka shafa gam ta ko'ina, ka bi shi da ƙusa ka ɗaure shi tamau ta kowane gefe. Da iska ta zuƙe ruwan, ina kake so ya je? Duk yaron shago ya san ana jera katako a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, a ba shi watanni. Na tabbata malamanka na waya sun faɗa. Wajen ne ka danna gaba, kana sauri ka ga inda ake shafa banish.

Ni fa ba ni da rigima da malaman naka. Tun da ka mai da WhatsApp ɗina juji kana turo mini bidiyo bayan sallar asuba, dole na kalli wasu, kuma gaskiya akwai gwanaye. Tsohon nan na Ingila, Paul Sellers, wanda kake ambata har da rusunawa, ya san abin da yake yi. Ba hayaniya, ba tallar inji. Karatunsa gajere ne: kayan hannu 'yan kaɗan, haɗi iri uku, sai wasa ƙarfe. A wajensa, wanda ya iya haɗi ukun nan, ya kuma iya wasa cizal da filen har su yi kaifi na gaske, yawancin kayan ɗaki ba za su gagare shi ba. Amma ka duba tarihinsa kuwa, Farfesan Ƙusa? A 1965 ya shiga shago yaron koyo, yana ɗan shekara 15. Wato hannun nan da kake gani yana tafiya sumul a kan katako ya fi shekara hamsin yana wannan tafiya, kuma wani ne ya fara tsaya masa a ka. Kai ka ɗauki bidiyon minti ashirin ka bar masa shekara hamsin ɗin. Wasa ƙarfen ma da ya fi nanatawa ka tsallake, don ba shi da daɗin kallo. Na taɓa bakin cizal ɗinka ranar da na zo, ko dafaffiyar kabewa sai ta yi gardama da shi.

A cikin haɗi ukun akwai wanda ake fafe rami a jikin wannan katako, a fiƙe harshe a bakin wancan, a zura, mace da namiji ke nan. Shi ke riƙe da kujera da ƙofa da tebur. Da na ji kana fama da shi ban yi mamaki ba. Mutumin da a bakinsa ma bai raba mace da namiji, wanda zai ce maka "matana ya tafi unguwa", shi za a ba katako a ce ya bambanta su? Yi haƙuri, wasa nake. Amma ramin da ka fafe ya fi harshen faɗi har sai da ka cusa tsinken ashana da takardar jarida, wannan ba wasa ba ne, na gani da idona.

Sai 'yan Amurka. Su Marc Spagnuolo da Steve Ramsey tun wajen 2006 zuwa 2008 suke zuba darussa a intanet, kafin su kuma akwai mujallar Fine Woodworking da ta fara fitowa a 1975. Mutane ne da kafintancin sha'awa ya zame musu al'ada, likita ne, direba ne, akawu ne, ranar Asabar ya shiga gareji ya ƙera wa jikarsa akwati. Zanen aiki da awo da jerin abin da za ka saya ga su nan birjik, wasu kyauta wasu na kuɗi. Sai dai an zana su ne don mazaunin can. In Ba'amurke ya rubuta tu-bai-fo, ba inci biyu da inci huɗu yake nufi ba. Nasu bayan an busar an goge, inci ɗaya da rabi ne da uku da rabi, kuma kowane falle daidai yake da ɗan'uwansa. Namu kuwa yadda injin tsaga ya tashi ranar, wannan kai ya fi wancan kauri. Kai ka ɗauki zanen Bature ka bi shi layi-layi, irin biyayyar da ba ka taɓa yi wa shugaban makarantarku ba, ka tashi da kabad ɗin da ƙofarsa ta fi bakinsa.

Ba zan tona maganar injin gogewar nan da ka sa aka auno maka daga can ba. To, bari dai in tona kaɗan. Wutar gidajensu bolt 120 ce, tamu 230, kuma yana rubuce a jikin injin, da Turancin da ka yi shekaru kana cin abinci da shi. Ka soka shi a bango kai tsaye, ya yi kuka ɗaya mai daɗi, ya yi hayaƙi, ya ce ga garinku nan. Da ka tambayi mai gyaran rediyo na bakin titi da ya gaya maka taransifoma mai rage wuta ake sa wa irinsa. Amma ina, mai digiri ba ya tambayar mai gyaran rediyo.

Yanzu kuma na ji kana zagayen injin tsaga, mai faifan zarto a tsakiyar tebur. Nan zan ɗan ajiye wasa. Karambanin akuya ne, gai da kura. Injin nan ko a can Amurka, inda ake da murfin kariya da komai, duk shekara yana raba dubban mutane da yatsunsu. Shi ya sa wani mutuminsu, Steve Gass, ya ƙirƙiro SawStop a 1999: faifan yana ɗauke da 'yar wutar lantarki, da ya taɓa fatar mutum sai birki ya cafke shi ya nutse ƙasa kafin ƙiftawar ido. Shi kake gani a bidiyo ana gwadawa da naman Turawa kana tafi. Wanda kake shirin saya kuwa na gwanjo ne, ba murfi, ba birki, sai faifai tsirara da janareta mai shaƙuwa, ga ka ba ka rabuwa da riga mai faɗin hannu. In tsaga kake so, kai wa masu inji a 'Yan Katako ka biya su. Yatsun nan ina da buƙatarsu, da su za ka ƙirgo mini kuɗin shara. Ka kuma sa takunkumi in kana goge iroko, ƙurarsa tana tayar da asma. Tarin da kake yi mini a waya ba na tsufa ba ne kaɗai.

Watan jiya kuma Jafan ka koma. Ka kira ni kana haki, wai zartonsu ja ake yi ba turawa ba, filen ɗinsu ma haka, wai akwai wurin bautarsu, Horyuji, da ginin katakonsa ya haura shekara 1,300 a tsaye. Duk gaskiya ne. Amma kai da ka girma kana sallar Juma'a a ƙarƙashin aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ka taɓa ɗaga kai ka duba? Wajen shekarun 1830 mutumin nan ya tanƙwara bakan gizo da ƙasa da azara, azarar giginya wadda gara ke shakka, har masana gine-gine na duniya suka yi ta rubutu a kansa. Ba data, ba bidiyo. Wannan ɗaya na sallama muku, Zagezagi, kuma kada ka saba, sau ɗaya nake yabonku a shekara. Abin haushin dai gwanin naku ya tafi bai bar wa jikoki irinka ko ƙwayar basira ba.

To, mu zo kan ƙungiya. An ce ka tara tsofaffin abokan aikinka za ku kafa kulob na masu sha'awar kafintanci, irin wanda ka gani a Ostareliya. Zama a kan zama. Kun rubuta tsarin mulki, kun zaɓi shugaba da mataimaka biyu da sakatare da ma'aji da mai binciken kuɗi, kun kafa kwamitin da zai duba tambari. Ko kujerar tsugunno ɗaya ba ku ƙera ba, a kan kujerun roba na haya kuke zaman. Zagezagi ke nan, a ba ku ƙusa ku rubuta mata takarda. Da Kanawa ne da tuni mun fara sayarwa, ko da ba mu iya ba.

Sai dai abin da ka kwaikwayo ba abin raini ba ne. Men's Shed suke ce masa. A shekarun 1990 ya fara a can, suka kafa ƙungiyar ƙasa a 2007, rumfunan suka haura dubu, abin ya bazu zuwa Birtaniya da wasu ƙasashe. Asalinsa ba don tebur ba ne. Sun lura tsohon da ya bar aiki yana zama shi kaɗai a gida, ba mai sallama, ba mai cewa ina kwana, har damuwa ta kwantar da shi. Namiji kuwa ba ya zama ya ce ina da damuwa, amma in hannunsa na kan aiki ga wani a gefensa, bakinsa yakan buɗe. Sai suka kafa rumfa, suka tara kayan aiki wuri guda, kowa ya zo. Mu nan kaɗaici bai kai can ba, muna da majalisa a kowace ƙofar gida, ga teburin mai shayi, ga sahu sau biyar a rana. Amma majalisar tamu me take haifarwa? Siyasa, da ƙwallo, da lissafin wanda ya ƙara aure. Inda na ga hikimar shi ne tara kayan. Maimakon kowane ɗan fansho ya sayi zarto uku ya rataye, a haɗa kuɗi a sayi mai kyau ɗaya, a kama shago ɗaya. Aikin yi kuwa ba sai an nema ba. Leƙa firamaren unguwarku ka ƙirga bencin da ya karye aka jibge a bayan aji, yara na zaune a ƙasa. Ku tsofaffin malamai ne, kun san ajin da nake nufi. In kulob ɗinku ya gyara benci ashirin kafin a dawo hutu, ni da kaina zan yi muku tambarin kyauta, kuma ka san kyauta ba ta zo wa Bakano da sauƙi.

Maganar da ta fi tayar wa Hajiya hankali ita ce ta makaranta. Wai giratutinka za ka kwasa ka tafi koyon kafintanci ƙasar waje. Ka nuna mini hotuna, ga makarantar Chippendale kusa da Edinbara a Sikotland, wadda aka buɗe a 1985, kwas na wajen wata tara, ga North Bennet Street ta Boston, tun 1881 take, shekara biyu ake yi a sashen kayan ɗaki. Makarantu ne na gaske, ban musa ba. Amma ina so a ce ina wurin ranar da za ka tsaya gaban mai ba da biza, da zannarka da furfurarka, ya tambaye ka me za ka je yi, ka ce koyon buga ƙusa. Kuɗin makarantar da na jirgi da na ɗaki, in aka juya su naira, sun isa ka sayi shagon kafinta da kafintan da yaransa. Sannan ka dawo da ilimin itatuwan ƙasar sanyi, ka tarar da maɗaci da hunturu suna jiranka.

Wai ma yaushe koyon aikin hannu ya zama abin hawa jirgi? Makarantar da Ɗan Hausa, Hanns Vischer, ya buɗe a Nasarawa a 1909, a Kano, ka lura, a Kano, tana da sashen sana'a inda ake koyar da kafintanci da ƙira da dukanci. Da aka kawo tsarin 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980 an shigo da injina an rarraba wa makarantun sakandare. Ka fi ni sanin inda da yawansu suka ƙare, cikin akwatunansu a sito, babu wuta babu malami, har tsatsa ta gama da su. Kana cikin masu riƙe makullin siton, kada ka yi mini fuskar mamaki. Duk da haka kwalejojin fasaha na gwamnati suna nan da sashen kafintanci, ana jarrabawar NABTEB, ga kwalejin ilimi ta fasaha a Bichi. In takarda kake so, wadda na san ita ce cutarku, akwai mai ba ka a gida.

Ni makarantar da zan kai ka ba ta da allon suna. Akwai wani dattijo wajen Na'ibawa da ya yi mini ƙofofin gida. Zo ka ga yadda yake zaɓen katako. Ba ya taɓa tef tukuna. Zai ɗaga fallen ta kai ɗaya, ya kai shi saitin ido, ya rufe ɗayan idon, ya bi gefensa da kallo har ƙarshe, in akwai lanƙwasa ko murɗa ya gani. Ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya ji amo, ya jinjina ya ji nauyi, ya ce wannan da sauran ruwa, ajiye shi. Ƙusa uku a leɓensa yana magana ba wadda ke faɗuwa. In yaro yana tura filen ya ga ɓawon yana fitowa a yayyage, ba ya dogon bayani, juya masa katakon kawai zai yi ya ce bi ta nan, ka saɓa wa jijiyar itacen. Wannan ne waya ba za ta yi maka ba. Bidiyo yana nuna maka hannun gwani, amma ba ya ganin naka. Sai ka shekara kana riƙe zarto a karkace Paul Sellers yana maka murmushi.

Na san abin da ke hana ka. Yaya za a yi tsohon mataimakin shugaban makaranta, mai digiri biyu, ya zauna a benci yaro ɗan shekara sha biyar ya ce masa "Baba, ba haka ake riƙewa ba"? Girman kai rawanin tsiya, Malam. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kai kuwa a duk garejin nan kai ne kaɗai busasshen katako. Amma a gwada dai.

Kada kuma ka ɗauka na ce kafintocinmu waliyyai ne. Mun san su. Gobe ka dawo, jibi ka dawo, gata an yi mini rasuwa. Gadon amarya yana sheƙi ranar jere, kafin sunan fari ya fara kuka, filawud ne da ƙusa da gam aka lulluɓe da yadi mai ƙyalli. Ba duka ne rashin iyawa ba. Mu masu saye ba ma biyan aikin da zai shekara hamsin, ƙyalli muke biya, kuma mai neman cefanen yau ba shi da lokacin fafe rami da cizal. Kai kana da abin da ba shi da shi, lokaci, da fansho in ya zo, da waya cike da dabarun duniya. Shi yana da hannu da ido. Kai masa bidiyon haɗin kusurwar akwatin nan da ya gagare ka, ka ga in bai fitar da shi ba tun kana laluben gilashinka. Ya gyara maka riƙo, ka nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Ciniki ne da babu mai faɗuwa, ka yarda da ni, ciniki gadonmu ne.

In kuma wayar nan tana maka ƙaiƙayi a hannu, juya ta. Masassaƙanmu suna ƙarewa. Mutumin da zai zauna da gungumen ƙirya da gizago ya fafe turmin da mace za ta yi aure da shi har ta aurar da 'yarta yana nan, mai fitar da allo daga aduwa, mai akushi, mai ƙotar fartanya, mai kujerar tsakar gida daga gungume guda ba ƙusa ba gam. Roba da injin niƙa sun cinye kasuwarsu, 'ya'yansu sun koma acaɓa. Itatuwan ma bin su suke yi. Madobiya an yi ta lodinta daga dazukan Taraba zuwa ƙasar Sin har sai da yarjejeniyar CITES ta sa wa cinikinta takunkumi daga 2017. Nemi yadda ake wasa cizal da Turanci, ba za ka gama kallo ba har ka tsufa, in da sauran tsufan da ya rage maka. Nemi yadda ake riƙe gizago da Hausa ka ga ɗan abin da za ka samu. Kai malami ne, ka iya tambaya, surutu kuwa wannan Allah Ya ba ku. Bi ƙauyukan da ke kewaye da ku ranar kasuwa, ka zauna da su, ka ɗauka, ka sa sunan kowane itace da kowane ƙarfe yadda suke faɗa. Wannan aiki ne da ba ya cire yatsa.

Saboda haka ga umarnin ubangida. Ranar Asabar ka shigo motar Kano da sassafe, ka sauka a Na'ibawa. Ka sa tsohuwar riga mai gajeren hannu, ka bar ta fatar nan a gida kada yaran shago su yi maka dariya tun ba ka buɗe baki ba. Na riga na yi wa dattijon magana, ya ce zai karɓe ka, da shara za ka fara, na kuma roƙe shi kada ya raga maka don furfura. Ka taho da cizal ɗinka duka a wasa su, da kuɗin sharar bara da na bana. In kana da amsa ka rubuto, edita ya ce zai ba ka fili, sai dai a gyara maka "ya" da "ta". Kuɗin mota da na abincin rana kuma kai za ka biya, har da nawa.